Kujerar da Hamdiya Ta Bayar

Na yi shekaru ban yarda da labarin nan ba yadda aka fara ba ni shi. An ce mini Hamdiya ta bugu da ƙarfen da ake riƙewa a cikin bas, bugun da ko shaida bai bari a fatarta ba, kuma wai shi ne sanadin da ɗiyarta ba ta tafiya har yau. Ni kuwa na girma a gidan da mata masu ciki ke daka, suna ɗebo ruwa, su faɗi su tashi su kakkaɓe zane. Na ce a raina ƙila lalurar tana tare da yarinyar tun farko, mutane ne suka nemi abin da za su rataya wa laifi. Akwai kuma abin da ya hana ni rubutu bayan na koma gida. Ba na son shiga sahun waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo suna bin kowace al'ada da tsinta, kamar masu fitar da tsakuwa daga shinkafa. Sai da na je Lyon a 2018, na wuni da ita, na karanta takardun asibiti da idona, sannan na bar shakkar farko. Ta biyun tana nan.

A Paris na san ta, a 2004. Ƴar Tawa ce, doguwa, marar yawan magana, ta zo koyon aikin gwajin jini. Ta sauka wurin ƙanwar mahaifiyarta, Inna Sahadatou, mai shagon atamfa da shadda a unguwar Château Rouge. Ran Asabar mu ɗalibai mata ƴan Nijar mukan hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu je shagon, wai ganin kaya, alhali dambun zogale ne ke kai mu, wanda Inna ke ajiyewa a bayan turamen atamfa. Nan za mu tarar da Hamdiya tana linke shadda, littafinta a buɗe a kan teburin awo.

"Ku dubi wannan," in ji Inna. "An tsallako hamada da teku da ita, ta rasa abin karantawa sai jini. Mu mahauta muka sani da wannan aiki."

Hamdiya sai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya. Inna haihuwarta tara, bakwai a raye, kuma ba ta taɓa haihuwa a asibiti ba sai ta ƙarshe. Duk wadda wani abu ya dama a cikinmu, ita take fara kira kafin likita.

A 2006 Hamdiya ta auri Maazou, ɗan Maraɗi, malamin lissafi a makarantar sakandare. Su suka ga juna suka daidaita. Aka ba shi aiki a gefen Lyon, suka kama gida a Vaulx-en-Velin, hawa na huɗu, ita ma ta samu aiki a wani ɗakin gwaji a cikin gari. Shekara huɗu ba ko ɓatan wata. Inna ta yi ta aiko da ƙulle-ƙullen magani a hannun duk mai zuwa Lyon, Maazou yana zuba wasu a shara ba da sanin kowa ba. A damina ta 2010, wato daminar gida, ciki ya samu.

Wanda bai san mu ba zai yi zaton mace mai ilimi irin nata ta bar kunyar cikin fari a filin jirgin Yamai. Ba ta bar ta ba, raba ta ta yi gida biyu. A gaban Turawa ba ta da wata kunya. Ta faɗa wa shugabarta a wurin aiki tun wata uku, ba ta taɓa fashin awo ba, tana yi wa ungozoma tambayoyi har matar ta fara tsokanarta da cewa ta zo ta karɓi aikin. An ba ta katin da masu ciki ke nunawa a tashi a ba su wuri a mota, kuma tana nuna shi. Amma a gaban namu, bakinta bai taɓa furta kalmar ba. Kowa ya sani, ba wanda ya ce ya sani. Sanyi ya taimake ta, don Inna ta aiko mata da wata babbar rigar sanyi mai ruwan toka wadda mace biyu za su shiga.

Wata safiyar Talata a watan Fabrairu na 2011, cikin yana wata bakwai da ƴan kwanaki, ta hau bas ɗin da ke kai ta tashar metro. Ta samu kujera kusa da ƙofar tsakiya. A tasha ta biyu sai ga Alhaji Abdourahamane ya hau da sandarsa. Shi ne wan mahaifin Maazou, ya zo Faransa tun kafin a haife su, ya yi shekara talatin a masana'anta har gwiwoyinsa suka gaji. Shi ya karɓa wa Maazou aurenta. Motar a cike take.

Ta miƙe tun bai ƙaraso ba.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, ɗiyata. Zauna abinki."

"A'a, Baba, na kusa sauka."

Saura tasha tara. Shi ma ya san haka, don ya san inda take aiki. Amma abin da zai faɗa ya sa ta zauna shi ne abin da suruki ba ya faɗa wa matar ɗansa. Ya yi tayi sau ɗaya, ta ƙi sau ɗaya, kowa ya yi abin da ya kamata. Ya zauna. Ita kuma ba ta fito da katin ta tayar da wani ba, don zai gani. Ta matsa gaba kaɗan, ta juya masa baya, ta kama ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jaka.

Kafin wata mahaɗa wani mai babur ya yanko gaban motar. Direba ya taka birki iya ƙarfinsa. Ba a yi karo ba. Mutane suka zube kan juna, wata mata ta zagi mai babur, lemun wani ya gangara ƙarƙashin kujeru. Hamdiya ta tafi gaba da dukan nauyinta, ƙarfen ya same ta a gefen dama na ciki.

Direban ya tsayar da mota ya zo yana duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya same ta a duƙe, ta dafe ƙarfen da hannu biyu.

"Madame, kin ji ciwo?"

"Ça va, lafiya lau nake."

Ya dubi rigar, ya dubi yadda take tsaye.

"Ciki gare ki? In ciki gare ki, zan kira ƴan pampiye yanzu su kai ki a duba."

A Faransa masu kashe gobara su ne ke fara ɗaukar wanda ya ji rauni a hanya. Da ta ce e, da cikin minti ashirin tana kan gadon asibiti. Alhaji Abdourahamane yana taku biyu daga inda take, kuma Faransancinsa ya fi na direban tsabta. Ya juya fuskarsa wajen taga.

"A'a," in ji ta. "Ba komai. Na gode."

Direban ya sake tambaya, ta sake cewa a'a. Ya koma ya ja mota. Ƙarfe takwas da minti ashirin ne, ta duba agogo saboda tana tsoron makara.

Ta je aiki. Ta shiga banɗaki ta duba, ba jini, ba ko ja a fata. Abin cikin yana ta motsi fiye da kullum, ta ɗauka alamar lafiya ce. Ta jera kwalaben jinin mutane a injin har kusan azahar. Sai bayanta ya fara ciwo, wani ciwo da ba ya zuwa ya tafi, yana nan daram. Ta ce wa shugabarta kanta ke ciwo, ta koma gida. Ta gaya mini cewa a kan firij ɗinta akwai takardar da ungozoma ta ba ta, an rubuta a ciki cewa duk bugun da ya sami ciki, komai ƙanƙantarsa, a zo nan take. Ta karanta takardar ba sau ɗaya ba. Amma a wata na biyar ta taɓa rugawa asibiti saboda ciwon mara, aka kwantar da ita kwana biyu aka ce ba komai, Inna ta yi sati uku tana ba da labarin a shago. Don haka Paris ta kira.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya, lahiya, yi magana ina da mutane. Madame, turmi ne wannan, ba a yanka shi! Ina jin ki."

"Na ɗan bugu a mota da safe."

"A ina?"

"A gaba."

Inna ta gane. Hayaniyar shagon ta ragu, alamar ta shiga bayan kaya.

"Kin ga jini?"

"A'a."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"Yana motsi?"

"Ɗazu ya yi ta yi sosai."

"To mi kike nema kuma? Tsorata ya yi. Ni da cikin Ilya na faɗo daga amalanke a hanyar kasuwa, wata takwas, na tashi na kamo jakin da kaina. Ga Ilya can yana cinye mini tukunya."

"Amma wurin ya yi tauri, Inna."

"Tsami jiki ya yi. Dafa ruwa, ki sa tawul ki gasa, ki kwanta. In kin je wurin mutanen nan za su ɗaure ki da wayoyi kamar wancan karon, su sallame ki da ƙwaya biyu. In dai babu jini babu magana."

Ta dafa ruwa ta gasa. Zafin ya ɗan lafar da ciwon bayan, ta kwanta a kan kujerar falo. Wajen la'asar ta lura cewa tun da ta dawo gida ba ta ji motsi ba. Ta sha ruwan sanyi da sukari, ta jira. Ta kwanta ta gefen hagu, ta jira. Maazou ya shigo ƙarfe biyar da rabi da takardun ɗalibai a hannu, ya ga fuskarta, ya ajiye su a ƙasa. Ya ɗora hannu a cikin. Daga baya ya ce mini kamar ya taɓa ƙyauren ƙofa.

Sun shiga asibiti shida da minti goma. Ungozoma ta ɗora na'urar sauraron zuciya, ta saurara, nan take ta danna ƙararrawa. Kafin minti ashirin an yi wa Hamdiya aiki an ciro ɗiya mace, kilo ɗaya da gram ɗari bakwai, ba kuka, ba numfashi. Sai da aka yi minti goma sha ɗaya ana fama kafin zuciyarta ta kama sosai. Uwar ma an ƙara mata jini leda uku.

Abin da ya faru, kamar yadda likita ya bayyana musu kuma na karanta daga baya, shi ne wannan. Mahaifa tana da taushi, in an buge ta takan lotsa ta dawo. Mabiyiya, wadda ke manne a jikinta tana ba jariri iska da abinci, ba ta lotsawa haka. Bugun sai ya ɓamɓare ta. A wasu matan ɓamɓarewar kan fara daga gefe, jini ya samu hanya ya fito, kowa ya tsorata a ruga asibiti. A Hamdiya daga tsakiya ta fara, gefunan suna manne, kamar yaɓen da ya saki bango a tsakiya har ruwa ya taru a bayansa, daga waje kuma bango lafiya lau. Jinin ya yi ta taruwa a ɓoye yana ƙara ɓamɓarar ta a hankali, wuni guda. Da aka buɗe, kusan rabinta ya saki. Yawan motsin safiyar nan mai yiwuwa neman iska yarinyar take yi.

Kashegari Maazou ya nemi a ba shi mabiyiyar ya binne, kamar yadda ake yi. Aka ce an aika da ita ɗakin gwaji, kuma ba a bayarwa. Bayan sati uku sakamakon ya fito, shafi ɗaya da rabi. Hamdiya ba ta bukaci a fassara mata ba, irin takardun da take bugawa ne kullum. An auna gudan jinin, an rubuta nauyinsa, an kuma rubuta cewa wani sashensa ya girmi wani da sa'o'i.

Ranar suna jaririyar tana cikin kwalba, da bututu a hanci. An yanka rago a Maraɗi, aka faɗa musu ta waya. Alhaji Abdourahamane ya sa rigar asibiti a kan babbar rigarsa, ya tsaya a bakin gilashi ya yi addu'a, ya raɗa mata Nuriyya. Bai ɗaga ido ya dubi uwar ba, ita ma ba ta dube shi ba, kuma duk wanda ya gan su zai ce kunyar surukai ce kawai.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna inda rashin iska ya taɓa. Likitoci suka ce sai ta girma za a san iyakarsa. Aka yi ta sani kaɗan-kaɗan. Wata tara wuyanta bai tsaya ba. Shekara biyu ba ta zauna ba.

A wannan tsakanin maganganu suka yi ta yawo tsakanin Lyon da Château Rouge. Wasu suka ce don ba a binne mabiyiya ba ne. Waɗanda suka fi yawa suka ce baki ne, ai ita ta je ta shelanta cikin wata uku a wurin aiki, ta riƙa nuna kati a mota kamar mai tallar goro. Wata mata ta faɗa mata haka a fuska, a gidan wani biki, da murya mai taushi irin ta nasiha. Inna Sahadatou ta zo ta yi wata biyu tana jinya, tana wanki, tana goyon yarinyar, tana kuka a banɗaki a zaton ba a ji. Ba ta taɓa tayar da zancen wayar ba. Alhaji kuwa duk Juma'a bayan masallaci sai ya hau hawa huɗun nan da gwiwoyinsa, don asansar ɗin ginin, na'urar hawa bene, ya fi zama a lalace, ya ajiye ledar lemu da madara, ya zauna minti goma yana riƙe da ƙafar Nuriyya, ya tafi. Haka ya yi har ya rasu a 2016. Maganar bas ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Maazou bai san baffansa yana cikin motar ba sai bayan an binne shi.

Hamdiya ta bar aiki shekara uku, sannan ta koma rabin wuni. Ta goya Nuriyya a matakalar nan har yarinyar ta kai kilo goma sha shida, kafin a ba su gida a ƙasa. Da ta samu ciki na biyu a 2014, ta kira Inna tun wata biyu ta faɗa da bakinta, da kalmar, sannan ta kira uwar mijinta a Maraɗi ta faɗa mata.

"Ke yanzu ba ki da sauran kunya?" in ji Inna.

"Ta ƙare, Inna. Na kashe ta duka a wuri ɗaya."

Inna ta yi wata guda ba ta kira ba. Yaron, Ilyes, an haife shi lafiya.

Ranar da na je, a 2018, Nuriyya tana da shekara bakwai. Tana zaune a kujerarta mai taya, an ɗaure ta da maɗauri a ƙirji, an yi mata kitso ƙanana da duwatsun ado masu ruwan ɗorawa. Hannuwanta a dunƙule suke. Tana da kalmomi kamar goma, rabi Hausa rabi Faransanci, kuma tana da dariya mai ƙarfi da take yi duk lokacin da injin wanki ya fara juyawa da sauri, don haka a gabansa ake ajiye ta in ana aiki. Hamdiya tana ba ta tuwon shinkafa da aka markaɗa da miyar kuka, cokali ɗaya, a jira ta haɗiye, a goge haɓa, sannan wani. Abincin rana yakan ci minti arba'in. Hamdiya ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito mata a gaban goshi, kuma ta daina rufe baki in za ta yi dariya. Ita ta ɗauko mini takardun daga wata jakar leda ba tare da na roƙa ba.

Na karanta, na mayar mata. Na daɗe ina juya tambayar kafin in yi ta, don na san ba tambayar baƙo ba ce.

"Da kin ce e a cikin motar nan, da sun kai ki tun da safe, likitoci sun ce da ta tashi lafiya?"

Ta goge wa Nuriyya baki, ta ɗebo wani cokalin, ta riƙe shi a sama tana jiran ta haɗiye.

"Likita uku na tambaya," in ji ta. "Biyu manya ne, suka ce ba wanda zai iya sani. Ta ukun yarinya ce, sabuwar fitowa, ba ta riga ta koyi yadda ake yi wa iyaye magana ba. Ta ce e."